Faifan da Ba a Sa wa Suna Ba

Mijina mai hoto ne. Duk tsawon zamanmu yana bayan kyamara, shi ya sa da ya rasu muka waiwaya muka ga kowa a layinmu yana da hoto mai kyau na hannunsa, shi kaɗai ne ba shi da ko ɗaya. Abin da muka samu sai na katin shaidarsa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi, da wani na samartaka wanda ko ni ban san shi a wannan kamar ba.

Amma akwai bidiyo guda. Ranar da ya sayo kyamara mai ɗaukar bidiyo, ya miƙa wa Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ya ce ta riƙe masa ya gyara labule. Labulen bango ne da masu zuwa a ɗauke su hoto ke tsayawa a gabansa, an zana masa ruwa da bene da wata bishiya da ban taɓa ganin irinta ba. Auta ta danna wurin ɗauka, shi bai sani ba. Yana kan benci, ƙusa a baki, yana faɗa da labule, sai ga ni na shigo da kwanon abincinsa. Ya cire ƙusar ya ce, "Manaja, ajiye wannan ki zo ki riƙe min gefen nan." Manaja yake ce min, saboda makullan shago da na gida a hannuna suke kwana, in ba haka ba yar da su yake yi. Na riƙe, labulen ya sulluɓo ya rufe mu mu biyu, ba a ganin kowa sai dariyarsa da ake ji daga ƙarƙashi. Iyakar bidiyon ke nan. Da ya gani ya ce zai goge, wai an zubar masa da girma, amma bai goge ba.

Bidiyon yana cikin kwamfutar shago, wadda yake kira Tsohuwa. Tun Auta tana firamare ya saye ta, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani, in ta ɗau zafi kuma ta ɗauke ba sallama. Ba ta da intanet. Ramukan da ake soka filash kuwa shi da kansa ya toshe su da gam, tun ranar da wani ya kawo nasa ya zuba mata bairos, aikin mutane ya lalace. Daga nan ya rantse ba abin da zai ƙara shiga cikinta ko ya fita sai ta faifai. A danna mata wuri ta zaro harshe, a ɗora faifai, ta haɗiye.

Kuma ba kowane faifai take ci ba. Yakan ce Tsohuwa tana da zaɓen abinci. In faya-fayansa sun ƙare ni yake aika, ya ba ni ledar tsohon kwali in kai wa wani mai shago a bakin kasuwa in ce irin wannan. Haka nake sayen komai, ƙwan lantarki da maganin hawan jininsa da batir, in kai samfur a ba ni. Na kai ledar nan ban san iyaka ba, amma a ganina faifai faifai ne, duk zagaye suke, duk suna walƙiya.

Iri biyu yake ajiyewa. Akwai wanda ake rubutawa sau ɗaya, shi ke nan ya zauna. A kansa yake zuba aikin da ya gama, ya ɗauki baƙar maka ya rubuta sunan mai hoto, ya jera a kan kantar shago. Akwai kuma mai gogewa, wanda ake zuba abu a share a sake zuba wani. Waɗannan na aike ne, da su ake kai hotuna wurin wankewa a dawo. Ba ya sa musu suna, a durowar ƙasa yake watsa su. Auta ta san wannan tsari sarai, don kafin ta yi aure ita ce ke taya shi zama in an tashi daga makaranta.

Ciwonsa bai daɗe ba. Auta tana da tsohon ciki ya kwanta, bai ga yaron ba.

Na rufe shagon, na kasa komawa. Bayan 'yan watanni na lura muryarsa ta fara guje min. Ina tuna maganganunsa kaf, amma in na saurara a raina sai in ji da muryata nake faɗinsu. Wannan ya fi komai tayar min da hankali. Sai in lallashi kaina da cewa ai tana nan cikin Tsohuwa, duk ranar da na samu ƙarfin zuciya zan je a kunna min.

Mai shagon da muke haya mutumin kirki ne, ya yi mana kara sosai kafin ya aiko cewa wani yana son wurin, mu kwashe kaya. Mijin Auta ya je ya kunna Tsohuwa ya ga lafiyarta, sai ya ji ban da gurnanin da aka saba tana wani ƙas-ƙas a ciki. Ya kira wani mai gyara da ya sani, ya kara wayar a jikinta. Mai gyaran ya ce wurin ajiyarta ne ke mutuwa, kada a ɗaga ta, kada a yi ta kunnawa da kashewa, don kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. A nemo faifai, a kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna, sannan a kawo masa ita.

Muka sa rana, ni da Auta da mijinta da jariri. Ban manta warin shagon ba da na buɗe, ƙura da man gashin da yake ajiye wa masu hoto a gaban madubi. Matajin yana nan inda ya bar shi. Labulen ma yana nan, gefe guda ya saki.

Tela, wanda bango ɗaya ya raba shagonsa da namu, ya leƙo da awo a wuya. Shi da mijina sun shekara suna tsokanar juna ta bangon nan. Yana kiran mijina Sarkin Murmushi, wai mutum ya wuni yana ce wa jama'a su yi murmushi shi ko haƙorinsa ba a taɓa gani ba. Ya yi mana sannu, ya ɗauki yaron ya ce goshin kakansa ne sak, Allah ya sa dai kada ya gaji ɗaure fuskar. Ya kawo mana fankarsa muka saita wa Tsohuwa. Ya tambaya me muke son cirewa. Ni kuwa yaya zan dubi Tela in ce bidiyon da labule ya rufe ni da mijina nake nema? Na ce aikin mutane ne. Ya ce to Allah ya taimaka, zai kai ɗinki ya dawo.

Mijin Auta ya riga ya sha yawon kasuwa. Mai shagon da nake saye a wurinsa ya koma sayar da kayan waya, ya ce wa ke neman faifai yanzu. Da ƙyar ya samo kwali guda a wani lungu, aka ce masa su ne mafi kyau, masu hawa biyu, guda ɗaya yana ɗaukar kayan biyu. Aka kunna Tsohuwa ta tashi da ƙyar. Auta ta nemo foldar da babanta ya sa wa suna gwaji, inda yake tara hotunan da ba su yi kyau ba da abin da ya ɗauka yana gwada kyamara. Bidiyon yana ciki. Na ga ɗan hotonsa a gilashin kwamfutar, ƙarami kamar kan ashana, shi a kan benci.

Na ce ta kunna min in gani. Ta ce, "Mama, bari mu kwashe shi tukuna, in ya so ki kalla har ki gaji." Maganarta gaskiya ce, ban musa ba.

Ta ɗora sabon faifai, Tsohuwa ta haɗiye, ta yi ta juya shi, sannan ta zaro harshe ta dawo da shi. Aka sa wani, ta tofo. Aka goge wani da gefen riga aka sa, shi ma haka. Mijin Auta ya ce ko injin faifan ne ya mutu. Auta ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta jawo kwandon shara, ta tono tsohuwar ledar faifai, irin wadda nake kaiwa kasuwa. Suka haɗa ta da sabon kwalin. Rubutun kusan ɗaya ne, sai dai a tsohuwar akwai ɗan gajeren layi tsakanin haruffa, alamar ɗebewa, a sabon kuma alamar tarawa ce, ga ƙarin wasu haruffa na hawa biyun. Ɗan layin nan da bai kai tsinken ashana ba, shi ne zaɓen abincin Tsohuwa. Ta tsufa, ba ta san sababbin ba.

Mijin Auta ya cusa ledar a aljihu ya hau babur, ya ce ko ƙarshen gari ne sai ya samo.

Muka zauna jira. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗau zafi, aka ɗauke wuta na ɗan lokaci aka dawo da ita. Tsohuwa ta mutu. Auta ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Sai can ta yi gurnani ta tashi, ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru, komai aka taɓa sai ta yi dogon tunani kafin ta amsa. Auta ta kira mijinta, ya ce har yanzu bai samu ba, an tura shi wata kasuwar.

Sai ta jawo durowar ƙasa. Faya-fayan aike suna nan, yawancinsu sun karce har ba a ganin fuska a jikinsu. Guda ɗaya ne mai kyau, a cikin koren gida na roba, ba rubutu a kansa ko ɗigo. Ta duba gefensa ta ce mai gogewa ne, kuma ga ɗan layin. Ta sa, Tsohuwa ta karɓa ba gardama. Sai rubutu ya fito cewa akwai abu a faifan, a share? Auta ta ce ai marasa suna na aike ne, hotunan fasfo ne da aka riga aka wanke aka bai wa masu su. Buɗe shi a duba zai ci lokaci, lokacin kuwa ba mu da shi. Aka sake tambaya, sharar gaggawa ko ta sosai? Ta ce Baba kullum ta sosai yake yi, yakan ce in aka yi ta gaggawa Tsohuwa ɓata rubutun take yi. Duk abin da ta yi a ranar, yadda ya koya mata ta yi shi.

Sharar ta daɗe. Ina riƙe da jariri a hannu ɗaya, ɗaya hannun ina yi wa Tsohuwa fifita da kwali, ban da fankar Tela. Da aka gama, Auta ta tura foldar gwaji gaba ɗaya. Wani koren layi ya fara tafiya a gilashi, a hankali, kamar tururuwa. Ƙananan hotuna ta fara ɗauka, bidiyon yana ƙarshe saboda nauyinsa. Layin ya wuce rabi. Ina jin Auta tana addu'a ƙasa-ƙasa. Sai ƙas-ƙas ɗin ya tsaya, gilashin ya yi baƙi, ɗakin ya yi tsit, fanka kaɗai ke juyawa.

Ba ta sake tashi ba. Muna nan zaune mijin Auta ya shigo, gumi ya jiƙa masa riga, yana ɗaga kwali sama yana murna. Masu ɗan layin ne, irin nata sak. Ya dube mu ya sauke hannunsa.

Mai gyara ya riƙe ta kwanaki. Ya ce ya gwada duk dabarar da ya sani, ya kai wa wanda ya fi shi, wurin ajiyar ya cinye kansa, ba abin da zai fito. Ya zaro faifan da tsinke daga bakinta, ya samu ya ceto hotunan da suka riga suka shiga. Mutane ne da ba mu sani ba, wani ya rufe ido, wata ta juya kai, wani yaro yana kuka. Bidiyon bai kai ga shiga ba.

Auta ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ta ce da ta bari na kalla ko sau ɗaya. Ta ce da ta haƙura mijinta ya dawo, da ba a ɓata lokaci wurin shara ba, da Tsohuwa ba ta ɗau zafin da ya kashe ta ba. Nononta har ya ja baya saboda damuwa. Na yi ta ba ta baki, na ce kwana ne ya ƙare wa na'ura kamar yadda yake ƙare wa mutum. Da ƙyar ta dawo daidai.

Bayan an kwashe shago, Tela ya zo gida ya kawo min matajin da aka manta da wata hular mijina da ta faɗa bayan kantar shago. Ya zauna a bakin ƙofa muna hira. Ya ce ya ji Tsohuwa ta bi mai ita, dama ya san ba za ta yarda ta yi wa wani aiki ba. Sannan ya ce, "To alhamdu lillahi, Maman Auta, tunda na gida ya riga ya kwashe. Da wannan ya tafi ai da an yi asara."

Na ce wane na gida?

Ya ce kafin mijina ya kwanta ciwo, wata rana da ba kasuwa, ya shiga ya same shi yana dariya shi kaɗai a gaban kwamfuta. Ya ce masa yau kuma Sarkin Murmushi da kansa? Mijina ya rufe abin da sauri, ya ce kayan gida ne yake kwashewa a faifai, don Tsohuwa ta fara tari. Hotunan yara tun suna ƙanana, da wani bidiyo da ba na idon tela ba ne. Tela ya ce ya ga ya sa faifan a gidansa na roba bai rubuta komai ba, ya tsokane shi ko makar ce ta ƙare. Sai mijina ya ce masa shi ba ya sa wa aiki suna sai ya gama shi, wannan kuwa da saura, jika yana hanya. Shi ya sa ya zaɓi mai gogewa, don ya riƙa ƙarawa.

Na tambaye shi launin gidan faifan. Ya ɗan yi tunani ya ce kore, ya tuna don ya ce masa ya yi kama da murfin kwanon sha.

Ban san abin da fuskata ta nuna ba, amma Tela ya bar magana. Ya dube ni, ya dubi hular da ke cinyata. Ya ce, "Kada dai a ce..." Na ce shi ne. Muna jin yaran maƙwabta suna buga ƙwallo a jikin bango. Da zai tafi na roƙe shi abu ɗaya, kada maganar nan ta kai kunnen Auta ko mijinta. Ya ce ko matarsa ba za ta ji ba.

Washegari na ɗauki faifan na je wurin mai gyara ni kaɗai. Na tambaye shi, abin da ke ƙarƙashi, wanda aka share, ana iya tono shi? Ya tambaya wace irin shara aka yi. Na ce ta sosai. Ya juya faifan a hannunsa ya ce, "Mama, da ta gaggawa ce, da akwai ɗan fata. Ta sosai kuwa bi take yi lungu-lungu." Ya ce in yi haƙuri. Na ce ya sake nuna min hotunan da ya ceto, don ranar farko ban iya kallonsu da kyau ba.

Ya riƙa wucewa da su ɗaya bayan ɗaya. A wani, wani dattijo yana zaune gaban labule, wuyan rigarsa ya karkace, sai ga hannu ya shigo daga gefe yana gyara masa. Na ce ya tsaya. Agogon ne na fara ganewa, mai fatar da ta tsage, sannan tabon ƙuna a bayan babban yatsa, wanda fitilar hoto ta yi masa tun muna sabon aure. Na ce ya wanke min wannan, ya yanke dattijon in zai yiwu. Ya ce in aka yanke ba abin da zai rage sai hannu da wuyan riga. Na ce na sani.

Yana nan a ɗakina, jikin madubi. Auta ta gan shi ta yi murna, ta ce ashe dai faifan bai tafi a banza ba, gara da ta sa shi. Na ce ƙwarai kuwa. Ta ɗaga yaronta ta nuna masa, ta ce ga hannun Kaka. Rannan har ta ɗauko maka za ta rubuta suna a faifan don kada ya ɓace cikin tarkace, na karɓe na ce ta bar shi, na san shi.

Muryar kuwa ta gama tafiya. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in ce Manaja a hankali, in gwada ta sama in gwada ta ƙasa, ko zan dace da yadda yake faɗa. Ban dace ba tukuna.

Kwalin da mijin Auta ya samo daga baya yana cikin akwatina tare da koren gidan, ko ledarsa ba a ɓare ba. Ya ce in ba shi ya mayar, na ce ya bari. Su ne daidai da Tsohuwa, masu ɗan layin, ba abin da ya same su.